Fim ɗin Shaihu Umar: yadda aka yi shi da inda ya shige kusan shekara 40

Ƙanena ka yi tambaya mai kyau wallahi, kuma ba kai kaɗai ba ne, kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya tare ni da ita. Ka ce kun karanta Shaihu Umar a sakandare, yanzu kuma ka ji ana cewa wai an taɓa yin fim ɗinsa tun kafin a san wani abu Kannywood, kana so ka san ko da gaske ne, wa ya yi shi, yaya mutane suka karɓe shi, kuma in dai har an yi to me ya sa ba ka taɓa cin karo da shi ba. Toh da gaske ne, an yi shi a 1976, da Hausa, mai kala, tsawonsa minti 142, kuma Adamu Halilu ne darakta. Amsar ragowar tambayoyin naka kuwa duk wuri ɗaya take komawa, wato wanda ya biya kuɗin aikin da kuma dalilin da ya sa ya biya. Gwamnati ce ta yi fim ɗin don ta nuna wa duniya, ba ɗan kasuwa ba ne ya yi don ya sayar, wannan shi ne ya ba shi girman da yake da shi, kuma shi ɗin dai ne ya binne shi.

Bari mu ɗan koma baya kaɗan saboda sai ka san irin littafin kafin ka gane wahalar mayar da shi fim. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko, a cikin waɗanda suka fito akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda aka buga a 1934, lokacin yana matashin malamin makaranta a Bauchi, shekarunsa ba su fi 22 ba. In ka jera su za ka ga nashi ya fita daban, sauran akwai ban dariya da aljanu da abubuwan al'ajabi, nashi kuwa babu, labari ne na mutane zalla, na hari da bauta da rabuwar uwa da ɗa da neman ilimi. Shi ya sa ni a ganina duk cikinsu shi ya fi dacewa da fim na dirama, ba ka bukatar siddabarun kyamara, abin da kake bukata mutane ne da dawaki da raƙuma da sahara.

Amma kuma akwai ƙulli a cikinsa. Littafin gaba ɗaya mutum ɗaya ne ke magana. Malam ne zaune a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya buɗe baki ya fara ba su labari tun daga Kagara, mutuwar mahaifinsa, auren uwarsa da Makau, makircin da 'yan fada suka ƙulla wa Makau har aka kore shi, tafiyar uwar Fatika ganin iyayenta, sace yaron, kurar da ta kashe wanda ya sace shi, zuwansa Kano, Balaraben nan Abdulkarim da ya tafi da shi garinsu Ber Kufa ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa har ya zama shaihi. A takarda wannan ba ya damun kowa, mai karatu ya yarda malam ne ke ba da labari ko da abin da yake faɗa ya faru yana goye ko ba ya ma wurin. Kyamara kuwa ba ta san wannan uzurin ba, in ka ce Makau ya tsaya gaban sarki ana yi masa ƙazafi to sai ka kawo fadar, ka kawo sarkin da dogarai da fadawa, ka ɗinka musu sutura irin ta ƙarshen ƙarni na 19, ka sa musu kalaman da za su faɗa alhali a littafi wataƙila layi biyu ne kacal marubuci ya yi ya wuce. Duk inda littafi ya ce "suka yi ta tafiya har kwana kaza", wannan jimlar guda ɗaya a wurin mai fim ayari ne guda da abincinsu da ruwansu da mai kula da dabbobi. Yaranmu masu rubutun fim yanzu da yawa nan suke faɗuwa, su ɗauka littafi ya riga ya gama musu aiki, alhali littafi ya ba ka labari ne kawai, ragowar duk naka ne.

Abin da ya taimaki wannan fim shi ne bai yi tsalle daga littafi kai tsaye zuwa kyamara ba, ya biya ta dandali tukuna. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, wani masanin wasan kwaikwayo ɗan asalin Tirinidad da ya yi aiki a jami'o'in Najeriya, su suka mayar da labarin wasan kwaikwayo na dandali, aka buga shi a 1975. Kafin nan ma Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967, shekara ɗaya bayan kashe marubucin. Ka ga kenan lokacin da aka zo ɗaukar fim an riga an yi aikin da ya fi kowanne wuya, an yayyanka labarin fitowa-fitowa, an ba kowa maganarsa a bakinsa. Kuma Umaru Ladan ɗin shi ne ya fito a matsayin Shaihu Umar a fim ɗin, wato mutumin da ya zauna ya narke da labarin a rubuce shi ne ya sa rawanin. A cikin 'yan wasan akwai Umaru Dembo, wanda ka san shi ta littattafansa, da Mairiga Aliyu. Waɗannan mutane ne da suka fito daga gidan rediyo da talabijin da dandali, sun san nauyin kalma, shi ya sa Hausar cikin fim ɗin take da daɗin ji a kunne, ba gaggawa ba cusa Turanci.

Shi kuma Adamu Halilu ba sabon hannu ba ne. Ɗan Garkiɗa ne ta ƙasar Adamawa, ya yi karatun fim a Landan, ya daɗe yana aiki a sashen fim na gwamnati yana yin irin fina-finan wayar da kai da ake yawo da su a motar majigi ƙauye-ƙauye. Wannan tarbiyyar tana bayyana a aikinsa, mutum ne da yake son ya tsaya ya nuna maka abu sosai, yadda ake zaman fada, yadda almajirai ke zagaye malami, yadda ayari ke tafiya, ba ya sauri. Ya kuma riƙe tsarin littafin, fim ɗin ya buɗe da malam da ɗalibansa, aka tambaye shi asalinsa, daga nan labari ya koma baya. Wasu za su ce ai wannan rashin ƙarfin hali ne, da sai ya rushe tsarin ya gina nasa. Ni ban yarda ba. Zaman nan na malam da almajirai shi ne ma'anar labarin, mutum ne da ya rasa komai yake faɗa da bakinsa cikin natsuwa bayan komai ya wuce, in ka cire wannan ka bar hari da gudu da sahara kawai ka mayar da shi fim ɗin faɗa.

Yanzu batun kuɗi. A shekarun 1970 ba bidiyo ake yi ba, fim ne na gaske mai faɗin milimita 35, irin wanda ake naɗewa a faifai a sa a gwangwani. Gwangwani ɗaya mai ƙafa 1,000 minti 11 kawai yake ɗauka, kuma in ka ɗauka ka ɗauka kenan babu gogewa, ba kuma za ka ga abin da ka ɗauka ba sai an wanke, wankin kuwa a lokacin galibi sai an kai Ingila. Fim mai minti 142 in ka warware shi ya kusa kilomita 4, wannan wanda ya shiga cikin fim ɗin kenan ban da ninkin-ba-ninkin da aka ɗauka aka zubar wurin tacewa. Babu wani ɗan kasuwa a Kano ko Kaduna da zai zuba wannan kuɗin a fim ɗin Hausa a wancan zamanin. Gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyi ta hannun sashenta na fim, lokacin kuɗin mai na shigowa kamar ruwa, kuma ana shirin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, wanda aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, aka yi hawan daba nasa a Kaduna. Ƙasashen baƙar fata na duniya kowa zai zo da abin da zai nuna, Najeriya mai masaukin baƙi kuma Shaihu Umar ta gabatar a ɓangaren fim. Abin yana taɓa min zuciya duk lokacin da na tuna, sojoji ne suka kashe Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, bayan shekara 10 kuma gwamnatin soja ce ta ɗauko ɗan littafin da ya rubuta yana malamin makaranta ta ce da wannan za mu fita kunya gaban baƙi.

Toh daga nan ne matsalar karɓuwa ta fara. Fim ɗin ya samu daraja, ya shiga tarihi, duk wanda ya rubuta tarihin fim a Najeriya sai ya ambace shi. Amma daraja daban, isa ga jama'a daban. Wanda ya yi fim da kuɗin aljihunsa ba ya barci sai ya ga an haska shi a Kano an haska a Zariya an kai Jos an kai Sakkwato, don in bai yi haka ba ya karye. Ma'aikatar gwamnati kuwa da zarar biki ya tashi an tafa an rufe fayil, aikinta ya ƙare, babu wanda za a tsare a ce ina kuɗin da fim ya dawo da su. Ga shi kuma gidajen sinima na lokacin, irin su Plaza da Eldorado da Orion a Kano, harkarsu ta ginu ne a kan fina-finan Indiya da na Amurka da na Chana, masu rarraba su sun san abin da ke kawo musu ciniki, suna samun su da araha, ba su da wani dalilin da zai sa su bi ma'aikata suna roƙon kwafi. Ka ƙara da cewa sinima a ƙasar Hausa wuri ne da ake yi wa kallon na 'yan iska, matar aure ta mutunci ba ta zuwa, malamai ba sa zuwa, dattawa ba sa zuwa. Wato mutanen da labarin ya fi shafa, uwaye da malamai da almajirai, su ne ba sa taka ƙafa inda ake nuna fim. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ka kwatanta da littafin. Shi littafi ya samu makaranta, an sa shi a manhaja, kowace shekara sai an sake bugawa an saya, shi ya sa kai da aka haifa bayan shekara 60 da rubuta shi ka san Makau. Fim ɗin bai samu abin da zai riƙe shi haka ba. Aka kafa Hukumar Fim ta Najeriya a 1979, Adamu Halilu ma ya shugabance ta, ya kuma yi wasu fina-finan irin su Kanta of Kebbi, amma kafin a je ko'ina kuɗin mai ya ja baya, aka shigo da SAP, shirin tsuke bakin aljihun gwamnati, a 1986, naira ta faɗi, sayo fim da wanke shi a waje ya gagari kowa. Sai bidiyo ya zo. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, daga nan aka buɗe sabon babi da bai san na baya ba.

Abin sha'awa shi ne su ma 'yan bidiyon farko wasunsu daga littafi suka ɗauko labari. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, haka Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. In ka duba ingancin hoto da sauti ba za ka haɗa su da aikin Halilu ba ko kusa, amma sun yi abin da nasa bai yi ba, sun shiga ɗaki. Kaset ya je wurin matar da ba za ta je sinima ba, ta riga ta karanta littafin ko an karanta mata, ta kalla ta ce wannan ba haka Sumayyar In Da So Da Ƙauna take a raina ba, aka yi ta musu a tsakar gida. Wannan musun shi ne karɓuwa ta gaskiya ga fim ɗin da aka ciro daga littafi, kuma shi ne Shaihu Umar bai samu ba a lokacin da ya kamata.

Haka aka yi ta tafiya har aka ɗauka fim ɗin ya ɓata ɗungurungum. Ana karanta sunansa a littattafai, ana rubuta shi a jarrabawa, malamai da yawa suna koyar da shi ba su taɓa ganinsa ba. Sai a 2016 aka gano negatif ɗinsa, wato asalin fim ɗin da ake buga kwafi daga gare shi, da kuma kwafi a cikin ajiyar Hukumar Fim, kuma wanda ya tsaya kai da fata a wannan aikin shi ne Didi Cheeka na ƙungiyar Lagos Film Society, wanda ya shiga tsofaffin ɗakunan sashen fim na zamanin Turawa a Legas ya tarar da ɗaruruwan gwangwanaye sun yi tsatsa an manta da su. Ka san fim irin wannan ba ya son zafi da laima, in ya daɗe a haka sai ya fara wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya manne da juna, kalarsa ta koɗe, in ya kai wani mataki babu mai iya ceto shi. Legas kuwa ga zafi ga laima. Allah ne kawai ya sa da sauran kwanansa. Cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke Balin ce ta gyara shi da tallafin gwamnatin Jamus, aikin kuwa ba wasa ba, a kowane sakan akwai hoto 24, minti 142 ya haura hoto 200,000, kowanne sai na'ura ta ɗauke shi an mayar da shi na kwamfuta, a share datti da karce, a daidaita kala, a gyara sauti. A Fabrairun 2018 aka haska shi a bikin fina-finai na Balin. Daga cikin albarkar wannan yunƙurin har kwas na digiri na biyu aka buɗe a Jami'ar Jos kan adana fina-finai, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Farankfot.

Na yi murna ƙwarai, amma ba zan ɓoye maka ba akwai ɗaci a ciki. Fim ɗin Hausa, labarin mutumin Bauchi, sai da ya je Jamus aka wanke masa fuska, kuma waɗanda suka fara ganinsa a sabuwar rigarsa da fassara a ƙasan allo suke bi, alhali ga miliyoyin da za su ji kowace kalma ba tare da an fassara musu ba.

Kallon da ake yi masa yanzu ma ya bambanta da na 1977. A wancan lokacin abin alfahari ne, ga al'adunmu ga sarautarmu ga iliminmu na Musulunci tun kafin zuwan Bature. Yanzu kuwa abin da ya fi tsaya wa mai kallo a rai shi ne bautar. Kuma gaskiya Tafawa Ɓalewa bai ɓoye ta ba, harin da Makau ya je na kamo bayi ne, sarki ne ya tura su, kuma ba a kawo shi a matsayin wani abin mamaki ba, haka rayuwa take a lokacin. Akwai masu cewa labarin ya yi wa bauta kwalliya tunda yaron da aka sace a hannun ubangidansa ya samu gata da ilimi har ya zama shaihi. Ina jin wannan ƙorafin kuma ba na raina shi, amma duk mai faɗar haka ya manta da uwar. Matar nan ta fita neman ɗanta da 'yancinta, aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa, aka ratsa sahara da ita ta Murzuk har Tarabulus, ta ƙi sakin jiki, ta rame ta lalace, ranar da Allah ya haɗa ta da ɗanta kuma ba ta daɗe ba ta cika. Hanya ɗaya suka bi, shi ta kai shi ga malanta ita ta kai ta kabari. A wurina ita ce zuciyar labarin ba shi ba, kuma a nan ne fim yake fin littafi ƙarfi, domin a littafi ɗanta ne ke ba ka labarinta da muryarsa ta malami mai tawakkali, a allo kuwa fuskar mace kake gani ba wanda ya tsaya tsakaninku. Sannan ka tuna 'yan watanni kafin a haska shi a Balin, a Nuwamban 2017, duniya ta ga hotunan da CNN ta fitar na yadda ake gwanjon 'yan ci-rani a Libiya, yaran da suka bi ta Agadas suka shiga wannan saharar dai. Murzuk ɗin da ke cikin littafin 1934 tana nan a kudancin Libiya, kan hanyar. Babu yadda za a yi mutumin Kano ko Damagaram ya kalli wannan fim yau ya ce tsohon labari ne.

In ka samu damar kallonsa, shawarata kar ka shiga da idon fim ɗin yanzu. Babu rawa da waƙa, babu saurin yanka hoto, wasu fitowar za ka ji sun yi tsawo, wasu kuma za ka ji ƙamshin dandali a cikinsu, mutane na magana kamar suna gaban 'yan kallo, wannan gadon wasan kwaikwayon da aka ciro shi ne, kuma aibi ne da ba zan musa ba. Amma ka sake karanta littafin tukuna, ba shi da yawa, zama ɗaya za ka gama, sannan ka riƙe biro ka lura da wuraren da marubuci ya wuce da jimla ɗaya darakta ya tsaya minti biyar, da wuraren da marubuci ya daɗe darakta ya taƙaita. Tunda ka ce kana sashen Hausa, ku haɗu da 'yan ajinku ku sa shugaban sashenku ya rubuta wa Hukumar Fim a Jos takarda a hukumance kuna neman a zo a haska muku, kwafin da aka gyara yana nan, kuma irin wannan buƙatar in ta fito daga jami'a ta fi saurin samun amsa. In an sa rana ku gayyato iyayenku mata su zo su zauna a gaba.